Ɗa Ya Girma Zai Dawo Gida: Tambayoyi da Amsoshi ga Iyayen da ke Zaune a Saudiyya

Gidajen Hausawa da yawa a Jidda, Makka, Madina da Riyad sun san wannan hali. An haifi yaro a nan, ko an zo da shi yana goye, ya yi firamare da sakandare, sai aka tura shi Najeriya ko Nijar, ko Masar, Sudan ko Malesiya ya yi jami'a, domin samun gurbi a jami'o'in gwamnatin Saudiyya ba abu ne mai sauƙi ga ɗan baƙo ba. Shekara huɗu, biyar, wani har bakwai yana can. Yanzu ya gama zai dawo wurin iyayensa. Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye suka fi yi idan lokacin ya matso, wasu kan takardu, wasu kan zaman gida, kuma na biyun sun fi wuyar amsawa.

Yaronmu a nan aka haife shi. Me zai hana shi dawowa gidan ubansa?

Takarda. Haihuwa a Saudiyya ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa, don haka zamansa duka a kan igamar mahaifinsa (takardar izinin zama a ƙasar) yake rataye, a matsayin murafiƙi, wato ɗan gida da ke zaune a ƙarƙashin mai igama. Ga ɗa namiji wannan inuwa tana da iyaka. Idan ya wuce shekara 18 ana neman shaidar cewa yana karatu, idan kuma ya kai 25 dole ya fita daga ƙarƙashin mahaifinsa ya koma kan kafalar wurin da zai yi aiki, wato wurin ya ɗauki nauyin zamansa a hukumance. 'Ya mace kuwa tana ci gaba da zama a kan igamar mahaifinta har ta yi aure.

Wannan iyaka ta shekara 25 ta kama yara da yawa ba da laifinsu ba. Wanda ya yi karatu a jami'ar gwamnati a Najeriya ya sha yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na kusan wata tara a 2020, ya ƙara shan na wata takwas a 2022. Idan likitanci yake karantawa, kafin ya karɓi sakamako shekarun sun cika. Saboda haka, Alhaji, tun kafin a sayi tikiti ka buɗe Absher, manhajar hukuma ta harkokin takardu, ka duba abu uku: ranar ƙarewar igamar yaron, ranar ƙarewar bizarsa ta fita da dawowa, da shekarunsa kamar yadda suke a takarda. Ƙa'idojin jawazat, wato hukumar shige da fice, suna sauyawa, kada a dogara da yadda aka yi wa ɗan maƙwabci shekara uku da suka wuce.

Idan igamarsa ta riga ta mutu fa?

Sai ya shigo da bizar ziyarar iyali, wadda mahaifi ke nema ta shafin Ma'aikatar Harkokin Waje. A nan ne nake so iyaye su faɗa wa kansu gaskiya: mai bizar ziyara baƙo ne a idon hukuma, ko da a Unguwar Hindawiyya aka yanke cibiyarsa. Ba shi da izinin aiki, ba shi da izinin aikin Hajji da ita, kuma idan lokacin Hajji ya gabato akan hana masu irin wannan biza shiga Makka ko zama a cikinta. A 2025 tarar wanda aka kama yana neman yin Hajji ba tasrihi, wato takardar izinin Hajji, ta kai riyal 20,000. Wanda ya bari wa'adin bizarsa ya wuce yana iya fuskantar tara mai nauyi, ɗauri da tarhil, wato kora daga ƙasar.

Akwai masu cewa "bar shi ya zauna, Allah zai rufa asiri." Ban goyi bayan wannan ba ko kaɗan. Saurayi mai digiri ya koma mai ɓuya a ɗaki, gabansa na faɗuwa duk lokacin da ya hango motar 'yan sanda, wannan cutarwa ce ko da da sunan ƙauna aka yi ta.

Ya tsaya ya yi bautar ƙasa tukuna, ko ya taho daga baya ya koma?

Idan ɗan Najeriya ne kuma bai kai shekara 30 ba lokacin da ya gama, shawarata ya yi ta ya huta. An kafa NYSC, shirin bautar ƙasa, tun 1973, shekara guda ce, mako uku na farko a sansani. Ko a waje ya yi karatu, tana kansa idan yana son aikin gwamnati ko na manyan kamfanoni a gida. Yau yana ganin a Jidda zai zauna, amma ba wanda ya san inda abincinsa yake. Zai iya zuwa ya gan ku na wata ɗaya ko biyu kafin a kira shi sansani.

Tun yana can kuma ya kammala tantance takardunsa a Ma'aikatar Ilimi da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, ya tabbatar yana da lambar NIN, ya sabunta fasfo idan ya kusa ƙarewa. Yin waɗannan daga nesa ta hannun ɗan aike wahala ce da kashe kuɗi.

Me za mu ce ya taho mana da shi?

Hajiya za ta rubuta jerinta: kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, yaji, man shanu, ƙuli-ƙuli. Babu laifi, amma a tuna kilo yana da iyaka kuma shi ma yana da kayansa na shekaru. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da ba zai ɗauko ba. Kada ya sa goro a jaka, hukumar alhazai kullum tana gargaɗi a kansa. Kada ya ɗauko magunguna irin su tramadol. Kada ya karɓi saƙon kowa a rufe, ko na ɗan'uwa ne, kuma ya tsaya da kansa a filin jirgi ya ga jaka nawa aka liƙa wa sunansa. An taɓa samun ɗalibar da aka tsare watanni a Saudiyya saboda jakar da wasu suka sa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba. Hukuncin safarar ƙwaya a ƙasar nan yana kaiwa ga kisa. Ku ba shi ƙarfin gwiwar cewa "Baba ya hana ni," ya jingina laifin a kanku.

Ranar da ya sauka, mu tara jama'a ko mu bari?

Yi wa matafiyi abinci idan ya dawo abu ne mai asali. Ya zo a Bukhari cewa Annabi (SAW) da ya iso Madina daga wata tafiya ya yanka raƙumi ko saniya. Amma ba dole a ranar farko ba. Daga Kano zuwa Jidda kusan awa biyar ne a sama, ban da zaman jira da layin shige da fice, kuma agogon nan yana gaban na gida da awa biyu. Ku je filin jirgi ku da ƙannensa, ku dawo da shi, ya yi wanka, ya ci abinci, ya yi barci. Walima a istiraha (wurin taro na haya) ko a gida sai bayan kwana uku ko huɗu, ranar Juma'a ko Asabar da mutane ke hutu.

Ku tambaye shi abin da yake marmari, kada ku yanke masa. Uwa takan kwana tana tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, alhali yaron da ya shekara biyar yana cin tuwo a Zariya ba abin da yake mafarki sai burodin tamis da waken ful na asuba, ko kazar Albaik da yake ci yana ɗan makaranta. Wannan ba raina girkinki ba ne, Hajiya. Shi ƙuruciyarsa a nan take.

Ɗan fari ne, ni kuma ina jin kunyarsa. Dole ne in rungume shi a gaban mutane?

Ba dole ba ne. Alkunyar ɗan fari tarbiyya ce da muka gada, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta zaƙewa a kansa, kuma ba wanda zai ce ba ta son shi. Sai dai a lura da wani abu. A gida Najeriya, idan uwa ta kau da kai, akwai kaka, akwai goggo, akwai inna da za su yi guɗa, su ja shi jikinsu, su ce "maigidana ya dawo." Su suke faɗin abin da uwa ta haɗiye. A gidan haya mai ɗaki uku a Jidda babu su. Idan kin yi shiru, Alhaji ma ya ce "ka iso lafiya?" ya koma kan wayarsa, to babu wanda ya rage ya nuna wa yaron an yi kewarsa. Shi kuma ya tashi yana ganin abokansa Larabawa suna sumbatar goshin iyayensu mata, iyayen suna kuka a filin jirgi.

Ki nemi hanyar da ba za ta karya miki kunya ba. Ki zuba masa abinci da hannunki, ki zauna har ya gama. Ki sa masa albarka da murya yana ji. Ga uba kuwa, akwai abin koyi: lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya dawo daga Habasha a shekara ta 7 bayan hijira, daidai da buɗe Khaibara, Annabi (SAW) ya tarbe shi ya sumbaci goshinsa, ya nuna farin cikinsa a fili.

Ɗakinsa ƙannensa sun gaje shi. Ina za mu sa shi?

A warware wannan kafin ya iso. Abin da ya fi ci wa masu dawowa rai shi ne su tarar littattafansu a kwali a saman kabad, a shimfiɗa musu katifa a majalisi, ɗakin karɓar baƙi, kullum da safe su naɗe ta saboda baƙi. Kwana uku ana jurewa, wata uku kuwa yana gaya masa cewa ba shi da wuri. Idan gidan ba zai ba da ɗaki ba, a ba shi gado tsayayye, da wurin rataye kaya, da durowa mai makulli, da nasa mabuɗin ƙofar gida. Kada a kori ƙannen ba shawara, a zauna da su a yi maganar tare. Saurayi baligi kuma ba ya haɗa ɗaki da ƙannensa mata, wannan ba sai an faɗa ba.

Sallama kafin shiga ta hau kan kowa. Suratun Nur, aya ta 58 da 59, ta koya wa yara neman izini a kan iyayensu. Kyautatawa ce iyaye su ma su ƙwanƙwasa kafin su tura ƙofar ɗan shekara 24.

Dokokin gida fa? Yana fita bayan isha'i sai ƙarfe ɗaya, yana kwana kan waya, asuba sai an yi ta bugu.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma a nan ake ɓatawa. Wanda ya tafi yana ɗan shekara 18 ba shi ne ya dawo ba. Shekaru ya yi yana riƙe da kuɗinsa, yana dafa abincinsa, yana jinyar kansa idan zazzaɓi ya kama shi, yana yanke shawara ba tare da ya tambayi kowa ba. Ku kuma a zuciyarku har yanzu yaron nan ne da kuka raka filin jirgi da sabuwar jaka. Idan kuka ɗauko dokokin wancan lokaci kuka ɗora masa, ko dai ya yi tawaye, ko ya koma yi muku ƙarya, kuma na biyun ya fi muni.

A cikin makon farko, bayan gajiya ta sake shi, uba ya zauna da shi su biyu. A fita da shi ma ya fi, a bakin teku ko a wurin shan shayi, inda ƙanne ba sa ji. A raba abubuwa gida biyu. Akwai waɗanda ba a ciniki a kansu: salla, abin maye, mutuncin mahaifiyarsa, da duk abin da zai jawo wa gidan matsala da hukuma. A nan ya kamata a tuna masa cewa abin da ake rubutawa a Facebook ko X a Najeriya a kwana lafiya, a nan yana iya kai mutum gaban alƙali, kuma igamar gidan gaba ɗaya a wuyan mutum ɗaya take. Sauran kuwa, irin askinsa, lokacin barcinsa, abokansa, waɗannan shawara ce. Maimakon "ƙarfe goma ka kasance a gida," a ce "idan za ka yi dare ka turo wa Ummanka saƙo, ba ta iya barci sai ka shigo." Yawancin samari suna karɓar wannan.

Maganar asuba, a tashe shi kamar yadda ake tashin babba. Uba ya ƙwanƙwasa ya ce "mu je masallaci," ya jira shi a ƙofa. Gori a gaban ƙanne ba ya kai kowa sahu.

Shi ma ɗan akwai nasa. Aya ta 23 a Suratul Isra'i, wadda ta yi umarni da kyautata wa iyaye, ba ta da ranar ƙarewa, digiri bai ɗauke ta ba. Gidan iyaye ba masauki ba ne da za a ci a ajiye kwano. Ya ɗauki wani nauyi da sunansa: kai ƙanne makaranta, sayo gas da ruwa, raka Umma asibiti.

Ƙannensa ba sa sakin jiki da shi. Ko gaisuwar kirki babu.

Wanda aka bari yana ɗan shekara shida yanzu ya kai sha biyu, a waya kawai ya san Yaya. Ga kuma harshe: shi ya dawo da Hausar Kano cike da bakinsa, su kuma Larabcin Hijaz suke yi a tsakaninsu, Hausarsu ta tsaya a "ina kwana" da "na ƙoshi". Kada a tilasta. Kada kuma a miƙa masa bulala a ce "ga yayanku ya dawo, zai gyara muku zama," domin daga ranar ya zama ɗan sanda a idonsu. A bar shi ya fita da su, ya taya su aikin makaranta. A kula da wanda ya riƙe matsayin babba duk shekarun nan, shi ne ake aika, shi ne ya san kan Absher da biyan kuɗin wuta. Kada a tuɓe shi dare ɗaya.

Za mu riƙa ba shi kuɗin kashewa? Ko shi ya kamata ya fara kawowa?

A yi maganar a fili, da lissafi. Tun Yulin 2017 aka sa harajin murafiƙai, ya fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum, yana hawa har ya kai 400 a Yulin 2020. Wato riyal 4,800 a shekara kan yaro ɗaya, ban da inshorar lafiya da sabunta igama. Ɗa babba ya cancanci ya san wannan, ba don a yi masa gori ba, don ya san halin da gidan yake ciki. Kafin ya samu aiki a yanka masa wani abu a wata, ko kaɗan ne, a ba shi a sirrance. Gemu a fuska yana miƙa hannu kullum don kuɗin mota, wannan yana karya zuciya. Idan ya fara samu, ya ɗauki abu guda sananne, kamar kuɗin intanet ko na wuta.

Yaya maganar aiki?

Kada a yi masa alkawarin abin da ba a hannu yake ba. Tun da aka fito da tsarin Nitaƙat a 2011 ake ta keɓe sana'o'i ga 'yan ƙasa, kuma abin ƙaruwa yake yi. Likita, ma'aikacin jinya da mai haɗa magunguna sai sun bi ta tantance takardu da jarrabawar hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya. Injiniya sai ya yi rajista da majalisar injiniyoyi. Duk wannan watanni yake ci. Abin da yaranmu suka fi wasu da shi shi ne harshe: wanda ya iya Larabci, Turanci da Hausa yana da daraja a kamfanonin Hajji da Umara, otal-otal da harkar jigilar kaya. Amma ko an samu, sai an mayar da kafalarsa kan kamfanin kafin ya fara. Ku sa wa'adi tare, misali wata shida, idan ba a dace ba a duba wata hanya. Kuma don Allah a daina tambayarsa kowace safiya ko an kira shi.

'Yarmu ce ta dawo. Mutane sun fara tambayar yaushe za a sha biki.

Za su tambaya tun a wurin walima. Uwa ce garkuwarta, ta amsa da "sai ku taya mu addu'a" ta sauya magana. Idan kuna da wanda kuke so, ku gaya mata kai tsaye, ku ji ta bakinta, domin shari'a ta ce a nemi izinin budurwa. Ku kuma tambaye ta ko akwai wanda ta bari a can, sau da yawa akwai, kunya ce ta hana ta faɗa. Abin da ya fi damun 'yan mata masu dawowa shi ne kulle: a makaranta tana fita laccarta, tana zuwa kasuwa, a nan sai ta wuni tsakanin bango huɗu tana jiran wanda zai kai ta. Tun Yunin 2018 mata suna tuƙi a ƙasar nan. Ko ba tuƙi ba, a nema mata abin fita mai amfani, halƙar haddar Alƙur'ani ko wani kwas.

Ya dawo ba da digiri ba, kuma ba ya magana. Me za mu yi?

Wasu an kore su, wasu kuɗi ne ya yanke, wasu kuma yaƙi ne ya koro su. Ɗaliban da ke Khartum lokacin da faɗa ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 sun bar takardunsu da kayansu, wasu sun kwana a kan iyakar Masar, wasu sun bi ta Port Sudan. Wanda ya ga irin wannan ba lallai ya iya ba da labari ba. Ko ma mene ne dalili, ranar isowa ba ranar tuhuma ba ce. Ya riga ya yi wa kansa duk faɗan da za ku yi masa. Ku tsara abin da za a gaya wa mutane tare da shi, kada ya ji labarinsa a bakin baƙi.

Idan shirun ya wuce mako biyu, ba ya cin abinci, ba ya barci ko barcin ya yi yawa, ya daina abin da yake so, ko ya fara cewa gara ma ya mutu, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, a kuma je asibiti. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Ya sauka da kwana biyar sai zazzaɓi. Gajiya ce?

Kada a ɗauka gajiya ce. A je asibiti a ranar, a gaya wa likita daga Najeriya ko Nijar ya zo, a nemi gwajin maleriya. Likitocin nan ba kullum suke ganin ta ba, idan ba a faɗa ba za su iya ɗauka mura ce. Mai bizar ziyara ya duba inshorar da ke haɗe da bizarsa tun kafin buƙata ta taso.

Bayan duk wannan, ya ce shi Najeriya zai koma da zama. Mun yi asara ke nan?

Ba ku yi ba. Da yawa daga cikinsu sai sun dawo suke gane cewa rayuwarsu ta koma can: abokai, wadda yake so, hanyar sana'a, da ƙasar da ba a tambayarsa igama. Kuma ku kanku zaman nan na aiki ne, ranar da kwantiragi ya ƙare ko ƙarfi ya tafi, gida za a nufa. Ɗan da ya riga ya kafu a Kano ko Maraɗi shi ne zai tarbe ku. Ku tambaye shi shirinsa dalla-dalla: ina zai zauna, me zai yi, nawa yake buƙata ya fara. Idan akwai fili ko gini da aka bari a hannun 'yan'uwa, a damƙa masa kula da shi a rubuce, a sanar da dangi. Kafin ya tafi ku yi Umara tare idan bizarsa da lokacin sun ba da dama, jirgin ƙasa na Haramain yana kai ku Madina daga Jidda cikin kimanin awa biyu. Idan igamarsa tana raye kuma ba zai dawo da zama ba, a yi masa bizar fita ta ƙarshe yadda doka ta tanada, domin harajin wata-wata ya tsaya, kuma ya iya shigowa ziyara nan gaba ba tare da matsala ba.